Tambaya ta Tara

Wayar ta yi ƙara ina yanka albasa
a ɗakin girkina na Harehills, ruwan Leeds na dukan taga.
Muryar yarinya ce, ta ce sunanta Imogen,
ta yi tuntuɓe da nawa sau biyu, ta ba ni haƙuri.
Minti bakwai kacal, in ji ta, ra'ayin jama'a muke tattarawa.
Na ajiye wuƙa. Na san aikin.
Na san yadda ake sa murya murmushi
alhali baya ya ƙage.

Ni ma na zauna kujerarki, 'yata,
shekarar tamanin da bakwai, ina ɗalibi, aljihu fayau,
hawa na uku, saman wani shagon darduma,
mu goma sha biyu, kowa da waya da fensir,
muna shiga gidajen mutane ta kunne
daidai lokacin da suka sa cokali a dankali.

Tambaya ta tara ita ce mai kawo shiru:
za ka sha ruwa da kofin da mai ƙanjamau ya sha?
Wata tsohuwa ta ce Allah ya sawwaƙe.
Wani ya ce a kwashe su a kai tsibiri,
ya ce in rubuta da manyan baƙaƙe.
Wani ya kife wayar.
Ni dai nawa jan layi ne a akwatin A'a,
in ja, in ja, har fensir ya dakushe,
ina ce wa kaina ɗan aike ba ya laifi.

Neville ne a hagu da ni.
Dariyarsa kamar kwano ya faɗi a siminti.
Shi ya ara mini kwat a hunturuna na farko,
shi ya koya mini faɗin Keighley ba tare da an yi mini dariya ba.
Sai wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.
Ba wanda ya ce komai.
Kofinsa shuɗi, mai tsaga a hannu,
shi kaɗai ya yi tafiya zuwa ƙarshen kanta,
kullum taku ɗaya,
ba a taɓa kama hannun da ke tura shi ba.

Wani dare ya haɗa shayi biyu,
ya miƙo mini shuɗin, ko mantuwa ce, ko gwaji.
Na ce ina azumi.
Ya dubi taga. Disamba ne,
rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu.
Ya ce, to, madalla.
Ya shanye duka biyun a tsaye.

Kafin bazara kujerarsa ta samu wani.

Yanzu an ce jama'a ta sauya.
Magani ya zo, tsoro ya ja baya,
layin da ke kan zane ya miƙe ya hau,
kamar kogin da ya sake hanya da kansa
ba wanda ya riƙe shebur.
Jama'a. Kalma mai faɗin zani,
kowa ya shige ciki ya ɓoye ƙafarsa.

Imogen ta iso wurin. An sake wa tambayar riga,
ba kofi kuma, wai abokin aiki,
ta jero mini amsoshi biyar kamar mai talla:
na yarda ƙwarai, na yarda, ba ruwana...
Na ce, ƙwarai.
Na ji yatsanta ya taɓa madanni.
Shi ke nan, an zuba ni cikin mutanen kirki,
gobe in zama ɗigo a cikin kashi kaza bisa ɗari.

Na so in ce: ba ku da akwatin Na Yarda, Amma A Makare?
Ba ku da na wanda ya yi azumi bayan faɗuwar rana?

Ta ce, kana ji na, Mista Tanimu?
Muryarka ta canza.

Na ce albasa ce.
Ta ce saura tambaya uku.
Butar shayi ta fara kuka a bayana,
na bar ta tana yi.